Duwatsu Uku na Malam Uwaisu

Duk wanda ya saba bin hanyar Magama da safe ya san keken Malam Uwaisu kafin ya san mai shi. Baƙin keke ne tsoho, kuma ba kasafai ake ganin Malam a kansa ba. Turawa yake yi, domin a bayansa akwai wani buhu da ya fi ƙarfin taya. Yakan fito bayan ya karya kumallo, ya bi ta gefen manyan motocin da ke layi suna jiran 'yan kwastan su buɗe hanyar Maraɗi, ya gaida masu shayi, ya gaida direbobi. Wanda ya amsa ya amsa, wanda ya kau da kai ya kau. In ya isa makaranta sai ya jingine keken a gindin itacen bedi, ya kwance buhun, ya jera abin da ke ciki a kan tebur: duwatsun gulbi uku, karan dawa uku, ƙoruka uku, ba wanda girmansa ya zo ɗaya da na ɗan'uwansa. Da waɗannan yake koyar da Turanci.

Bana zai ajiye alli. Ofishin ilimi ba zai buga masa ganga ba, gari ma ba a sa rai. Saboda haka ga labarinsa ga wanda yake so ya ji. Wanda ba ya so, ba a roƙe shi ba.

Mutumin Daddara ne, kuma tun wajen samun 'yancin kai yake koyarwa a wata firamare da ke gefen hanyar iyaka. Da can ba shi da buhu. Littafi yake bi, kamar kowane malami. Akwai darasin da ake yi a aji huɗu, na kwatanta abu da abu, wato yadda Bature ke cewa wannan dogo ne, wancan ya fi shi, na can ya fi su duka. Littafin ya ce a fito da yara uku gaban aji a jera su. Shekara da shekaru Malam yana fito da yara maza yana jerawa, ba wanda ya taɓa tanka masa.

Shekarar da ta biyo bayan babban fari, lokacin da kuɗin mai suka fara shigowa har aka soma ganin sababbin motoci a Jibiya, aji huɗu ya sami 'yan mata da suka cika benci biyu. Ba a taɓa samun haka ba. Malam ne ya bi iyayensu zaure zaure kafin a ba shi su, kuma yana alfahari da bencinan nan biyu fiye da yadda yake nunawa. Da ranar darasin ta zo, cikin zafin bazara, sai ya ga ai su ma 'yan aji ne. Ya fito da Salmatu, da Rabi'a, da Hajo ɗiyar Inna Mariyamu mai fura, ya jera su a jikin bango.

Ya ce, "Salmatu is tall. Rabi'a is taller. Hajo is the tallest."

Aji ya ɗauka da ƙarfi, aka yi ta maimaitawa. Abin ya yi wa yara daɗi. Aka tashi, suka bi hanya suna rerawa, suna fassara wa duk wanda ya tambaya: Malam ya ce Hajo ta fi kowa tsawo. Kafin su kai gida zancen ya ƙaru, an ce ta fi kowa jiki, ta fi kowa kyau.

Satin bai fita ba Hajo ta kwanta, wuya ya ƙage. Sanƙarau ne, kuma ba ita kaɗai ya kama ba a bazarar nan. Ya ɗauki yaran da ba su taɓa taka ƙofar makaranta ba. Hajo ta tashi, amma kunnenta na hagu bai tashi tare da ita ba.

Inna Mariyamu ba ta aiko kowa ba. Da kanta ta zo, ta tsaya a bakin aji, ba ta yi sallama ba.

Ta ce, "Malam, wa ya aike ka ka auna mani ɗiya? Hatsi ce?"

Malam ya ajiye alli ya ce, "Inna, ki shigo inuwa."

"Ban shiga. Ko ɗan akuya ka gani kasuwa ya yi maka kyau, ai ka ce tubarkalla. Kai ka tsai da ɗiyar mutane jikin bango, ka sa yara sun yi ta kiran sunanta har masu wucewa suna ji, ko tubarkalla guda ba ta fito bakinka ba. Mi ta yi maka?"

Malam ya san abin da malamin asibiti ya faɗa game da ciwon. Ya san gidajen da aka yi rashi. Yana iya lissafa mata su. Amma ya dubi matar, ya ga ba hujja ta zo nema ba, kuma ya san a maganarta akwai abin da ba ƙarya ba: a garin nan ba a yabon ɗan mutum a fili haka, shi ma ɗan yankin ne, ya sani, littafi ne ya sa ya manta. Sai ya ce, "Ban ce ba, Inna. Gaskiyarki."

Ta juya ta tafi. Kashegari benci ɗaya ya zama wayam. Kafin wata ya ƙare, na biyun ma ya bi shi. Babu uwar da za ta kai ɗiyarta inda ake auna yara. Daga nan aka sa masa suna Mai Baki. In ya ratsa unguwa, mata sukan ja 'ya'yansu cikin zaure. Mai nama yakan rufe tire. Har masu ba shi hannu a masallaci sukan yi sauri su janye, kada ya ce musu sun yi ƙiba.

Hedimasta ya kira shi ya ce, in bencinan nan suka kai ƙarshen shekara ba kowa, ofis zai kwashe su ya kai wata makaranta, kuma ba a san ranar da za a sake maganar 'yan mata a nan ba. Ya ce mafi sauƙi shi ne a nema wa Malam canjin wurin aiki, a mai da shi Katsina, ƙura ta lafa.

Malam ya ce, "In na tafi, ranka ya daɗe, sunan ba ya bi na. Nan zai zauna a kan makaranta. Gara ya zauna a kaina, ni ina da ƙafar yawo da shi."

A lokacin ne malamai ke barin aji kamar ana korar su. Kowa ya iya rubuta Turanci, akwai aikin da ke jiran sa a bakin iyaka. Abokinsa Ɗantala, wanda suka fara koyarwa tare, ya zama ejan, yana fitar wa 'yan kasuwa kaya daga hannun kwastan. Ya fara da babur Basfa, ba a jima ba ya koma mota Fijo. Wata rana ya tarar da Malam yana tura keke, ya rage tafiya, ya leƙo ta taga.

Ya ce, "Uwaisu, kai dai ba ka jin magana. Garin da ya sa maka Mai Baki, mi kake jira ya ba ka? Rawani? Taho mu yi aiki, Turancinka ya fi nawa."

Malam ya ce, "Jira nike su gaji."

"In ba su gaji ba fa?"

"To, ni ma ban gaji ba tukuna."

Ɗantala ya dubi buhun da ke bayan keken ya ce, "Mi ke cikin wanga?"

"Duwatsu."

"Allah ya shirye ka," in ji Ɗantala, ya ja motarsa.

Duwatsun kuwa daga gulbi ya tsinto su. Ya riga ya yanke wa kansa hukunci cewa ba zai ƙara tsai da ɗan kowa gaban aji don misali ba, namiji ko mace, ba zai ƙara cewa wane ya fi wane ba, ko a karatu. Dutse ba shi da uwa. Sai ya ɗaga ƙarami ya ce big, ya ɗaga na tsakiya ya ce bigger, ya rungumo babban ya ce biggest. Yakan gaya wa yara cewa gajerun kalmomi wutsiya ake ƙara musu, amma dogaye ba sa ɗaukar wutsiya, sai dai a sa musu ɗan rakiya a gaba, more ko most. Ƙoruka ne ke ɗaukar wannan: marar zane, mai ɗan zane, da wadda aka ƙawata, har a kai most beautiful ba a taɓa ɗiyar kowa ba. In aka zo kan good, better, best, sai ya ce waɗannan 'yan gida ɗaya ne da ba su yi kama da juna ba, sai dai a haddace fuskokinsu.

Duwatsu ba su isa a koyar da sauri da nauyi da tsufa ba. Don haka wata ranar jajiberin kasuwa ya kwashi 'yan mazan da suka rage masa, ya kai su inuwar da ke kallon layin motoci. Bai ko buɗe baki ba wani matashin direba ya taso da gudu.

"Malam, don girman Allah ɗauke idonka daga motar nan. Ko wata ba ta yi ba, kuma ba tawa ba ce, ta Alhaji ce!"

Aka yi dariya, amma sauran direbobin ma kowa ya matsa ya tsaya gaban tasa. Can ƙarshen layi akwai wani dattijo mutumin Maraɗi, Arzika, mai wata tsohuwar mota mai bodin katako da ake ɗaure ƙofarta da igiya. Shi ne ya ɗaga murya.

"Malam, kawo 'yan lakwal ɗinka, 'yan makarantar taka, nan! Abin da hanyar Maraɗi ba ta yi wa wagga ba, bakinka ba ya yi mata. Amma da sharaɗi. Kada ka ce ita ta fi tsufa, wannan ko makaho ya sani. Ka ce ita ta fi ƙarfi."

Malam ya ce, "Ƙarfi kuma, Malam Arzika?"

"Ba ka gan ta tsaye ba? Waɗancan 'yan jiya ne, mi suka sani?"

Yara suka kewaye motar suna rera strong, stronger, strongest, Arzika yana buga bodin da tafin hannu yana ba su kiɗa. Jibiya ta zuba ido ta ga ranar da motar za ta kife. Motar ta je Maraɗi ta dawo. Ta sake zuwa ta dawo. Damina ta zo ta wuce, tana nan tana tari tana tafiya, Arzika kuwa duk inda ya zauna sai ya ce tun da Malam ya yabe ta ko faci bai yi ba, wanda kowa ya san ƙarya ce.

Kada a ce motar ce ta wanke shi. Mutane ba sa sakin zance don mota. Abin da ya yi aiki shi ne yaran da ke komawa gida kullum, aka tambaye su wa Malam ya auna yau, su ce dutse. Uban Salmatu ne ya fara mai da tasa, ana saura kaɗan shekara ta ƙare, ya ce ya gaji da ganin ta zaune. Rabi'a ta biyo. Da ma'aikacin ofis ya zo, ya tarar da benci ɗaya da mutane a kai, ya bar bencinan inda suke.

Hajo ba ta dawo ba. Tana bakin hanya tare da uwarta suna sayar da fura. Kowace ranar kasuwa Malam yakan tsaya nesa kaɗan da ƙwaryar, ya ce, "Inna, ina wuni? Ya mai jiki?" Inna Mariyamu takan ja faifai ta rufe furar, ta dubi wani wuri. Shi kuma ya tura kekensa. Bai taɓa duban yarinyar ba, bai kuma taɓa fasa gaisuwar ba. Haka aka ci shekara, aka shiga wata.

Shekarar da gwamnati ta ce ilimin firamare kyauta ne ga kowa, makaranta ta cika har ana karatu a gindin itace. A cikin wannan hayaniya ne Malam ya lura da wata inuwa a tagar da ke bayan aji, wajen hanya. Ƙwaryar talla ce a ƙasa, da gefen kallabi. Mai kallabin ta juya kanta yadda kunnen dama zai fuskanci aji.

Bai kira ta ba. Bai ko nuna ya gan ta ba, don ya san in ya duba za ta gudu, in kuma yara suka duba zance zai kai gida. Abin da ya yi shi ne, kashegari ya ce hasken gaban aji yana damun idonsa. Ya sa aka juya bencina, aka ɗauke allo aka mai da shi bangon da ke kusa da tagar. Daga ranar a nan yake tsayawa, yana ɗaga murya fiye da yadda aji ke bukata, yana rubutu manya manya. Yara suka ce Malam ya fara tsufa. Ya bar su a haka.

Fura ta riƙa komawa gida da saura. Inna Mariyamu ba yarinya ba ce. Wata safiya ta biyo sawu, ta tarar da ɗiyarta manne da bango tana motsa baki. Waɗanda suka gani sun ce ta zo ne da niyyar jan ta, har ta miƙa hannu. Sai ta tsaya. A ciki Malam na riƙe da karan dawa, yara na amsawa. Ta saurara har aka gama darasin, ba ta ji an ambaci sunan ɗan kowa ba. Da aka fito tara, ta zagayo bakin ƙofa, wurin da ta taɓa tsayawa.

Ta ce, "Malam."

"Na'am, Inna."

"Ga ta nan, tun da ta ƙi ji. Amma kada sunanta ya ƙara fita bakinka. Ko da alheri, ko da mi."

Ya ce, "Na ɗauka."

Ya kuwa riƙe. Hajo ta koma aji huɗu tare da ƙannenta, ta zauna a bakin tagar nan ta ciki, kuma har ta gama makarantar Malam bai kira sunanta ba. In yana kiran suna da safe ya zo kanta, sai ya ɗaga kai ya gan ta, ya wuce. In zai tambaye ta, sai ya nuna da kara ya ce, "Ke ta bakin taga." In ta amsa daidai, kuma ta fi kowa amsawa daidai, sai ya ce, "To," ya ci gaba. Sauran yara suna samun "madalla." Ita ba ta samu.

Abin ya ci mata rai. Wata rana bayan an tashi ta tsaya, ta ce, "Malam, ni ba ni da suna ne?"

Yana mai da duwatsu cikin buhu, bai ɗago ba. Ya ce, "Kina da shi. Ajiyarsa aka ba ni."

Da sakamakon jarrabawar shiga sakandare ya fito, 'yan mata uku suka sami makarantar kwana a Katsina, abin da ba a taɓa yi ba a firamaren nan. Hajo na cikinsu. Ranar tafiya aka taru a tasha da akwatunan kwano da tabarmi. Malam ya zo, amma ya tsaya can gefe da kekensa, kamar yadda ya saba tsayawa nesa da ƙwaryar fura. An fara ɗora kaya sai aka ga Inna Mariyamu ta kama hannun ɗiyarta, ta ratsa mutane, ta nufo shi. Kowa ya juyo yana kallo. Yaran mota ma suka dakata da igiya a hannu.

Ta ce, "Malam, tahiya za ta yi inda ba ni. Kira sunanta, ka sa mata albarka."

Malam ya jingine keken a jikinsa. Ya ɗan jima, kamar mai neman abin da ya ajiye da daɗewa. Sa'an nan ya zagaya ta wajen kunnenta na dama.

Ya ce, "Hajo." Ya sake cewa, "Hajo. Tubarkalla. Allah ya tsare, ya kai ki lafiya, ya ba ki abin da kika je nema."

Inna Mariyamu ta ce, "Amin," ta shafa. Ba ta ce ta yi kuskure ba, shi ma bai nema ba. Ranar kasuwar da ta biyo, da ya tsaya gaisuwa, faifan bai motsa ba.

Malam Uwaisu, kai ne ka ɗauki sunan da ba naka ba, ka yi yawo da shi a kasuwa da masallaci don kada ya sauka a kan makaranta. Kai ne ka ga ƙofar arziki a buɗe a bakin iyaka, abokanka suna shiga suna fitowa da motoci, ka ci gaba da tura duwatsu. Turmi sha daka. Da ka karɓi canjin nan, da an kwashe bencina biyu, kuma da waɗanda ke karanta wannan a ɗakunan kwanan 'yan mata a Katsina suna bakin hanya da ƙwarya a ka. Yau 'yan mata a makarantar sun wuce a ƙirga su da benci. Masu cewa ɗiyan Jibiya ba su da kan karatu, su je su leƙa ta tagar nan, tana nan inda take.

An gargaɗi mai wannan rubutu, tsohuwar ɗalibarka, cewa yabon mutum a bainar jama'a ba shi da kyau. Ta ji, kuma a wurinka ta koyi yadda ake yi. Tubarkalla, masha Allah. Ba za a ce ka fi wane ko ka fi kowa ba, tun da kai ka daina auna mutane, ba za a auna ka ba. Za a dai ce mun gode, Allah ya saka, ya sa ka huta da lafiya.

Ku kuma sababbin malamai da aka watsa ƙauyuka, daga Gangara har Daddara, littafi zai gaya muku abin da za ku koyar, amma ba zai gaya muku 'ya'yan wa ke gabanku ba. In gari ya juya muku baya, kada ku yi saurin neman canji. Malam ya ce zai bar buhun a ƙarƙashin tebur ga wanda zai gaje shi. Yana da nauyi. A ɗauka.